Fitilar da Baba Ke Saukarwa Rijiya

Makon jiya jikana ya kai ni Kwandiko gaisuwar mutuwa, da muka fito sai na ce ya tsaya in duba wata tsohuwar rijiya da ke bayan gari, a gindin wata tsamiya. Tsamiyar tana nan, ta ma fi da inuwa. Rijiyar ce babu. An rufe bakinta da siminti, an shafe shi sumul, har awaki sun mai da shi wurin kwanciya. Can gefe ga wani tanki a kan ƙarafa, mai aiki da hasken rana, yara sun jera jarkoki kowa na jiran layinsa. Ba zan yi ƙarya ba, ruwan ya fi na da tsabta. Amma da na tsaya ina sauraro sai na ji kamar an toshe mini kunne. Babu ƙarar guga ta faɗa ruwa can ƙasa, babu kukan igiya a jikin itace, babu mata suna ja suna tsiya, wannan ta ce wa waccan gugarki ta zama rariya. Jikana ya ce, "Kaka, me kake nema a jikin siminti?" Na ce masa ya koma mota, ina zuwa.

Babana mai haƙar rijiya ne. Cikin Maguzawa aka haife shi, sai da ya zama magidanci ya karɓi addinin Kirista, sannan ya tattara mu muka zauna a Birnin Kudu, a wani gida da ke kallon duwatsu. Abokin aikinsa Malam Sule ne, Musulmi, mutumin Surko, dogo mai yawan dariya. Su biyu suka haƙa rijiyoyi daga Kiyako har ƙasar Gwaram, wani na ƙasa wani na sama, gobe su yi musanya. Ran Juma'a Baba ya naɗe igiya tun da hantsi saboda Malam Sule, ran Lahadi Malam Sule ba ya ko leƙo gidanmu da maganar aiki. Ni kuwa na tashi da ƙarar dagi a kunnena, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa a jikin rigar Baba, da aikin da na fi tsana a duniya, wato wanke ƙwan fitila. Kullum da safe sai Inna ta miƙo mini toka da tsumma ta ce in goge shi har in ga fuskata. Yaran yanzu da suke danna bango haske ya zo ba su san baƙin hayaƙin kananzir a yatsa ba, ba na kuma yi musu fatan su sani.

Fitilar nan ba don haske ake tafiya da ita ba, don kuwa da rana suke aiki. Kafin kowa ya sa ƙafa a rijiya, musamman tsohuwa da aka kira su yasa, sai Baba ya kunna ta, ya ɗaura mata siririyar igiya, ya riƙa saukar da ita a hankali har ta kusa taɓa ruwa. Akwai wata iska da ke kwanciya a ƙasan rijiya, ba ta da wari, ba ta da launi, tana kashe mutum kafin ya ce wayyo. Idan tana nan, wutar sai ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta mutu. Idan babu, sai wanda ke leƙawa ya ɗago kai ya ce, "Tana ci!" Wannan kalma ita ce izinin sauka. Na ji ta a bakin Baba ya fi a ƙirga, har ta zama gaisuwa tsakaninsa da Malam Sule. Su haɗu a kasuwa, wannan ya ce, "Tana ci?" wancan ya ce, "Tana ci, mun gode Allah."

Majami'armu a lokacin ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano, ƙararrawarta wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataya a reshen dalbejiya. Ba mu da yawa. Akwai malaman makaranta biyu daga can tsaunukan kudu, akwai wata ma'aikaciyar jinya, akwai mai sayar da kayan keke da iyalinsa, sai mu. Kowa da irin Hausarsa, amma in aka ɗauki waƙa sai ka rantse uwa ɗaya ta haife mu. Baba ya koyi karatu ne a ajin yaƙi da jahilci, don haka yana bin littafin waƙa da yatsa, yana kuma makara da kalma ɗaya a bayan kowa. Shekarar da aka samu mulkin kai, aka raba mana 'yan tutoci a makaranta, ni ina murna ina tsalle, shi kuwa ya karɓi tawa ya duba sandar ya ce za ta yi kyau wajen gyara lagwani.

Daga nan na tafi Kano makarantar koyon sana'a, na fito na samu aiki a sashen ruwa, daidai lokacin da kuɗin mai suka ɓarke a ƙasa. Wanda bai ga shekarun nan ba, ba zai gane yadda kanmu ya kumbura ba. Na sayi babur, na ɗinka wando mai faɗin ƙafa wanda ke share titi, na sami abokai masu karanta littattafai masu kauri. Muna zaune a ɗakin haya muna raba duniya, mun gama sanin komai, har mun sallami Allah daga aiki. Muka ce tsoro ne ya haife shi, jahilci ya raine shi, injin haƙa da asibiti za su binne shi. Da na zo hutu da bazara, ran Lahadi aka buga ƙarfen nan, ni ina kwance ina jin rediyo. Inna ta leƙo sau biyu. Baba ya ce mata, "Ƙyale Injiniya, ya gaji." Tun daga ranar sunan ya bi ni, alhali ko kusa ban kai injiniya ba.

Da la'asar ya zauna a inuwa yana tufka igiyar rama, Malam Sule na riƙe masa ɗaya bakin. Ni na zo na tsaya a kansu, hannu a aljihu, don na daɗe ina wasa wuƙata.

Na ce, "Baba, ka taɓa ganin Allah?"

Ya ce, "Ban taɓa ba."

"To yaya mutum mai hankali zai bi abin da bai gani ba?"

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Shekara talatin ina tsoron iskar da ban taɓa gani ba, shi ya sa nake da rai har na haife ka. Abin da ba a gani, ana duba aikinsa ne."

Na yi dariya na ce wannan iska muna da sunanta a littafi, mun san yadda take taruwa. Haka ruwan sama, haka ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, duk an gano yadda suke zuwa, babu wani gurbi da ya rage wa Allah. Sai ya ɗaga igiyar da ke hannunsa ya ce, "Ka san yadda ake wannan? Sili uku ne, a murɗa kowanne dama, a haɗa su a murɗa hagu. To ga shi ka sani. Yanzu da ka sani, ni na ɓace ke nan?" Malam Sule ya ƙyalƙyale har ya saki bakin igiyar. Na ji haushi, na ce ai duk addinin Turawa ne, da ba su zo ba da yanzu muna yanka wa dutse kaza. Baba ya ce, "Kakanka ya yanka wa dutse kaza, amma ko shi ya san akwai wanda ya ajiye dutsen. Ba Bature ne ya gaya mini akwai Allah ba. Abin da na ji daga baya shi ne bai yi nisa da ni ba." Malam Sule ya share hawayen dariya ya ce, "Malam Injiniya, ni da babanka mun yi gardamar addini har makogwaro ya bushe, har yau ba wanda ya ja wani. Amma ba mu taɓa gardama a kan ko akwai Mai sama ba. Wanda ya wuni a ƙasan rami yana kallon ɗan hasken nan ba ya wannan gardama."

A nan ne na fito da abin da na ɓoye, wanda har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Ina da ƙanwa, Ladi, wadda ƙyanda ta ɗauke tana shekara huɗu. Na ce, "In yana nan, kuma mai ƙauna ne yadda kuke waƙa, ina yake ranar da Ladi ke numfashi da ƙyar a cinyar Inna? Duniyar nan a karkace take, Baba. Mai kirki ba zai gina ta haka ba." Inna tana tankaɗe a bakin ɗaki, na ji rariyar ta tsaya. Baba ya sa hannu a jakarsa ya zaro zaren nan mai ɗan dutse a baki, wanda suke sakawa a rijiya su ga ko bango ya miƙe. Ya riƙe shi yana lilo har ya tsaya cak. Ya ce, "Ni ba na cewa bango ya karkace sai na gwada shi da wannan. Kai da me ka gwada duniya ka ga ta karkace? In babu wanda ya miƙe, wa ya sa maka zaren a ƙirji?" Ya mai da shi jaka. Sannan ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Dalilin Ladi ban san shi ba. Na tambaya har na gaji, ba a gaya mini ba. Abin da na sani, wanda nake bi bai tsaya a bakin rijiya yana ba da umarni ba. Ya sauko inda muke, ya sha irin abin da muke sha, har da mutuwa. Shi ya sa ban sake shi ba." Na ce wannan waƙa ce ba hujja ba, na hau babur na yi tafiyata.

Tsarabar da na kawo masa a wannan hutu tocila ce, babba, mai cin batir huɗu, haskenta kamar na mota. Na ba shi na ce ya jefar da tsohuwar fitilar nan mai fasasshen ƙwai, zamaninta ya wuce. Ya juya ta, ya kunna, ya kashe, ya ce an gode. Kwana uku bayan gardamar aka kira su yasar rijiyar Kwandiko, wadda ta yi shekara biyu ba a jan ruwanta, aka kuma ce bangonta ya tsage. Na ce zan bi su in duba tsagar da idon ilimi. Muka isa da hantsi, mutanen gari suka taru, har da mai unguwa, don an ji ɗan mai rijiya ma'aikacin gwamnati ne. Da Baba ya ɗauko fitila sai ya tarar kananzir ya tsiyaye a hanya. Malam Sule ya ɗauki kwalba ya shiga gari nema. Ni kuwa na haska tocila, ga ƙasan rijiya tas, har ina ganin wata tsohuwar guga a cikin laka. Na ce, "Ga shi ina ganin komai, me za a jira?" A kaina na san da iskar nan, na ma ci jarrabawa a kanta. Amma idona ya ce babu komai, mutane kuma suna kallona.

Baba ya ce in jira. Na ce gaba uku kawai zan sauka, inda tsagar take, nan ai iska lafiya lau. Ya dube ni, ya dubi mutane, na ga ba ya so ya kunyata ni a gabansu. Ya ce, "Gaba uku. Kuma ba za ka sauka ba igiya ba." Shi da kansa ya ɗaura mini ita a ƙugu, ya ja ƙullin sau biyu, ni ina tsaki saboda tana ɓata mini riga. Na bi 'yan ramukan da ake sa ƙafa na sauka. Na kai tsagar, na ga ta ci gaba ƙasa, sai na bi ta. Baba ya riƙe igiya tamau ya ce, "Ya isa, dawo!" Na ɗaga murya na ce ya sassauta, zai sa in zame. Ya ji tsoron kada ya fizge ni daga bango, ya sassauta. Ban ji wari ba, ban ji zafi ba. Wani barci ne mai daɗi ya taso mini daga ƙafafu, tocila tana haskawa fes a hannuna, ina kallon bangon ina cewa a raina lallai siminti buhu biyu zai isa. Iyakar abin da na tuna ke nan.

Sauran a bakin mutane na ji. Na saki bango na tafi, igiyar da ya sassauta ta zuba da gudu ta cikin hannuwansa. Kowa ya san in igiya ta ɗauki gudu da nauyin ƙato, sakinta ake yi. Baba bai saki ba. Ya danna ƙafa a itacen bakin rijiya, ya damƙe, tana ci tana wucewa, har ya samu ya naɗe ta a hannu ta tsaya. Sannan maza suka rufa masa, Malam Sule ya yar da kwalba ya shigo da gudu, suka jawo ni kamar buhun gero. Na farfaɗo a gindin tsamiya ana yayyafa mini ruwa, wata tsohuwa na ta salati a kaina. Malam Sule bai yi mini faɗa ba. Ya samo wani kananzir ɗin, ya kunna fitila, ya ce a tallafo ni in gani. Ya saukar da ita a hankali. Gaba shida tana ci, a ta bakwai wutar ta yi ƙasa ta mutu. Can ƙasa kuwa, cikin laka, ga tocilata tana ta haske abinta.

Sai a lokacin na nemi Baba. Yana zaune a jikin tsamiya, an naɗe masa hannuwa da rawanin mai unguwa, jini ya riga ya ɓullo. Igiya ta cinye tafukan har ana ganin fari. Na durƙusa gabansa. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, tocilarka tana can tana aiki, ba ta ma san an yi wani abu ba." Mutane suka yi dariya, ni na fashe da kuka. An ɗinke abin da zai ɗinku a asibiti, amma yatsun ba su ƙara rufuwa a kan dagi ba. Rijiyar Kwandiko ita ce ta ƙarshe da ya tsaya a bakinta da sunan aiki, kuma bai taɓa buɗe baki ya ce ni na jawo ba.

Abokaina na Kano, da na ba su labari, suka ce wannan bai tabbatar da komai ba, igiya ce mai ƙarfi da uba mai taurin kai. Gaskiyarsu, ban kuma ce na ga Allah a ƙasan rijiya ba. Abin da ya karye a ranar shi ne yardar da na yi wa idona. Na ga haske mai ƙarfi yana nuna mini komai, ban da abu ɗaya da raina ya rataya a kansa. Kuma duk littattafan da na karanta sun iya gaya mini yadda naman hannu ke riƙe igiya, amma ba wanda ya gaya mini dalilin da ya sa na san, sani na haƙiƙa, cewa abin da Baba ya yi daidai ne, abin da na faɗa a gaban Inna kuma mugunta ce. Zaren nan da ya ce an sa mini a ƙirji ya ƙi barina in huta. Tambayar Ladi har yau ban sami amsarta ba, na dai daina ganin rashin amsar a matsayin shaidar cewa babu kowa a sama.

Lahadin farko bayan an sallamo shi, aka buga ƙarfe, ya tsaya a tsakar gida da hannuwa a naɗe yana kallon littafin waƙarsa a kan tabarma. Na ɗauka na bi shi. Na zauna kusa da shi na buɗe masa shafi, na riƙa bin layi da yatsana a madadin nasa, yana makara da kalma ɗaya kamar kullum. Da aka zo cin jibin Ubangiji, inda ake raba gurasa da ƙoƙon sha, ni na kai masa ƙoƙon baki. Na shiga majami'ar ne a matsayin hannuwansa kawai, haka na gaya wa kaina. Na nemi canjin wurin aiki na dawo gida, na yi shekaru ina buɗe masa shafi, ban kuma san ranar da na fara yin waƙar da gaske ba. Duk shekarun nan shi bai tambaya ba, ni ma girman kai da kunya ba su bar ni na faɗa ba. Irin tarbiyyarmu ke nan, ɗa ba ya zama gaban uba ya zazzage zuciyarsa. 'Ya'yan yanzu suna gaya wa iyayensu komai, har abin da bai kamata ba, a da ina yi musu tsiya, yanzu kishinsu nake ji.

Sau ɗaya tak ya tambaya. Yana kwance a ciwonsa na ƙarshe, da rana tsaka, Malam Sule ya zo dubiya ya tafi, na zauna ina yi masa fifita. Ya buɗe ido ya ɗora tafinsa mai tabo a kan gwiwata ya ce, "Injiniya, tana ci?" Na gane abin da yake tambaya sarai. Amsar tana bakina. Sai na gyara masa matashi na ce, "Ka huta, Baba, ma yi magana in ka ji sauƙi." Ya yi murmushi ya rufe ido. Bai ji sauƙin ba, kwana biyu aka yi muka binne shi.

Shi ya sa na sallami jikana ya koma mota. Na kori awakin, na durƙusa da ƙyar a kan simintin nan mai zafi, na lalubi inda itacen bakin rijiya yake a da, inda ya danna ƙafarsa. A gefe guda simintin ya ɗan tsage, tsagar da ba ta fi shigar yatsa ba, wani sanyi na fitowa daga ciki. Yaran da ke layin ruwa suka bar jarkokinsu suna kallon tsoho ya kifa fuska a ƙasa. Ban damu ba. Na kai bakina wurin tsagar na ce, "Tana ci, Baba. Tun tuni take ci."